Ƙarfi da Juriyar Tsoka a Aikin Farfaɗo da Majinyata: Nazari daga Danja da Kewayen Maraɗi

Tsakure

Wannan maƙala ta duba bambancin ƙarfin tsoka da juriyarta ta hanyar bitar ayyukan masana daga 1943 zuwa yau, sannan ta gwada su da irin aikin da jiki ke yi a Maraɗi, Tibiri da Jiratawa. Hujjarta ita ce awon da aka saba yi wa majinyaci a kan gado ƙarfi kaɗai yake gani, alhali gida da gona juriya suke nema.

Ƙafa mai faɗuwa

Wanda ya bar Maraɗi ya miƙi hanyar Ɗan Isa, wadda ke ɓullewa Jibiya da Katsina, ba zai yi nisa ba zai iso Danja, a gundumar Jiratawa. Tun 1956 ƙungiyar mishan ta SIM ke da asibitin kuturta a nan. A 2012 aka buɗe asibitin yoyon fitsari a gefensa da haɗin gwiwar Worldwide Fistula Fund, gidauniyar da Lewis Wall ya kafa, Ba'amurken da ya fara da nazarin maganin gargajiyar Hausawa a ƙasar Malumfashi kafin ya zama likitan mata. A ido, ba abin da ya haɗa kuturta da doguwar naƙudar da ke jawo yoyon fitsari. Amma cututtukan biyu kan bar mutum da tabo iri ɗaya a tafiyarsa.

Mai larurar faɗuwar ƙafa ba ya iya ɗaga tafin ƙafarsa sama daga idon sawu. In ya ɗauki ƙafa sai yatsu su rataya suna sharar rairayi, don haka yake cira gwiwa sama kamar mai hawan matakala, tafin kuma ya faɗo ƙasa da ƙara. Silifa ba ta zama a ƙafar. Taku kaɗan sai an juya an ɗauko ta. Tsokar gaban ƙwauri ce ta daina samun saƙo, saboda jijiyar da ke umartarta ta ji rauni. Ƙwayar kuturta tana son wurare masu sanyi a jiki, shi ya sa take kama jijiyar a inda ta zagaye ƙashin gefen gwiwa, dab da fata. A naƙudar kwana biyu ko uku kuwa, kan jariri ne ke danne tushen jijiyar a cikin ƙugu, doguwar durƙusawa kuma ta ƙara matse ta a gwiwa. Kees Waaldijk, likitan Holan da ya daɗe a Babbar Ruga ta Katsina, wadda ita ma asibitin kuturta ce tun asali, ya wallafa nazari a kan wannan rauni a 1994 tare da Thomas Elkins, bisa mata 947 da suka zo da yoyon fitsari.

Abin da hannun mai gwaji ke ji

Ma'aikacin gashin ƙashi, wanda a Nijar aka fi sani da kine, yakan kwantar da majinyaci ya ce, "Baba, ɗago ƙafar, kada ka bari in danne ta." Daga abin da hannunsa ya ji yake ba da maki. Ma'aunin ya fito daga Majalisar Binciken Lafiya ta Birtaniya a 1943, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya cika asibitoci da sojojin da harsashi ya yanke wa jijiya. Sifili na nufin ba motsi ko kaɗan, 1 tsoka na ɗan rawa, 2 gaɓa na motsi in an ɗauke mata nauyinta, 3 tana iya ɗaga kanta, 4 tana ja da hannun mai gwaji, 5 kuma lafiyayya. Ba ya buƙatar lantarki ko na'ura, shi ya sa ya zauna daram a aikin kuturta, inda faɗuwar maki ke nuna jijiya ta kumbura, a hanzarta ba da prednisolone. Raunin da bai wuce wata shida ba shi ake sa ran maganin zai warkar da shi.

Sai dai hannu yana da iyaka. A 1961 W. C. Beasley ya auna yaran da suka yi shan inna da na'ura, ya tarar tsokar cinya kan rasa kusan rabin ƙarfinta amma hannu ya ba ta makin lafiyayya. Sannan gwajin na daƙiƙa kaɗan ne. Tsokar gaban ƙwauri kuwa a kowace kilomita sai ta ɗaga ƙafa sau ɗari shida ko bakwai. Matar da ta ci maki 4 a kan gado tana iya fara tafiya kasuwa garau, kafin ta yi rabin hanya yatsu sun koma sharar ƙasa.

'Yan kokowa sun daɗe da sanin wannan. A filin kokowa na Maraɗi mai ɗauke da sunan Kantu, wanda ya ɗauki takobin ƙasa na farko a Tawa a 1975, an sha ganin ƙato mai ƙirar samudawa ya fi abokin karawarsa ƙarfi, amma wasa na yin tsawo numfashi ya yanke, ƙafa ta saki. A cikin kowace tsoka akwai zaruruwa iri biyu. Wasu masu saurin yunƙuri ne da saurin gajiya. Wasu kuma jinkirinsu ya zo da yalwar ƙananan hanyoyin jini, suna ƙona abinci da iska a hankali, su yini suna aiki.

Amma kuskure ne a raba ƙarfi da juriya kamar ba dangi ba. Walter Rohmert, masanin aikin jiki a Jamus, ya nuna a 1960 cewa tsokar da ke riƙe da kayan da bai kai kashi 15 cikin ɗari na iyakar ƙarfinta ba tana iya daɗewa a haka, amma in kayan ya kai rabin ƙarfinta, wajen minti ɗaya take yi ta sare, domin tsokar da ta ɗaure tamau tana matse hanyoyin jinin da ke ciyar da ita. Jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce, ko da lafiya ko da jinya. In ciwo ya cinye rabin ƙarfin mace, jarkar ta ninka nauyi a wurin tsokarta, lokacin da za ta iya riƙe ta kuwa raguwar da zai yi ta wuce rabi nesa. Haka guga a bakin rijiya, haka taɓarya, haka hauya a hannun manomin Tibiri, haka tsugunno a fadamar Jiratawa lokacin dashe.

Kwanciya ma ciwo ce

Ba jijiya kaɗai ke cin tsoka ba. A 1966, a Dalas ta Amurka, an kwantar da samari biyar 'yan shekara ashirin na mako uku, ba tashi. Iyakar iskar da jikinsu ke iya sarrafawa a aiki ta ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Da aka sake auna su bayan shekara 30, sai aka ga tsufan bai yi musu ɓarnar da makonni ukun nan suka yi ba. A 2007 Patrick Kortebein da abokan aikinsa suka nuna kwana goma a gado na ɗauke wa lafiyayyen tsoho kusan kilo ɗaya na naman ƙafafu. Matar da ta yi watanni a ƙuryar ɗaki tana gudun mutane saboda zarni, ko wanda maɗori ya ɗaure wa karaya ya kwanta, ciwo biyu ke kansu, kuma na biyun ba ya fitowa a takardar asibiti. Dangi kan ce, "Inna, ki huta, kada ki motsa." Ƙauna ce, amma tsoka ba ta gode mata.

Hanyar gyara ta samo asali daga Thomas DeLorme, likitan sojan Amurka kuma mai ɗaga ƙarfe, wanda a 1945 ya nuna kaya mai nauyi da maimaici kaɗan ƙarfi yake ginawa, mara nauyi da maimaici da yawa kuma juriya. Mizaninsa shi ne nauyin da mutum zai ɗaga sau goma ya kasa na goma sha ɗaya, a riƙa ƙarawa mako mako. Wannan ba ya buƙatar injin waje. Tiyar gero wajen kilo biyu da rabi ce. A ƙulla ta a zane a rataya a idon sawu, in ta yi sauƙi a ƙara. Ci gaban makonnin farko daga jijiya yake zuwa, ƙwaƙwalwa na koyon kiran zaruruwa da yawa lokaci guda, naman kansa sai daga baya yake kauri. Ya dace a gaya wa majinyaci haka tun farko, don kada ya dubi cinyarsa bayan mako uku ya ga ba ta ƙaru ba ya watsar.

A kuturta lissafin yana da sarƙaƙiya. Paul Brand, wanda ya yi suna da dashen jijiyar tsoka a Belor ta Indiya, ya nuna gyambon tafin ƙafa ba ruɓewar cuta ba ce, matsi ne da ake maimaitawa a kan fatar da ba ta jin zafi. Ke nan doguwar tafiya, wadda ita ce maganin juriya ga kowa, ga wannan majinyacin tana iya zama sanadin miki. Sai a nemo juriyarsa ta wata hanya: keke, motsa jiki a zaune, tafiya gajeru a takalmi mai laushin ciki, da duba tafin ƙafa kowane dare. Jijiyar da ke kumbure kuwa hutu da ɗauri take so. Wadda ta fara tsirowa milimita ɗaya take yi a rana, don haka daga gwiwa zuwa tsoka aikin watanni ne, kuma duk tsawon lokacin sai an riƙa lanƙwasa idon sawu da hannu don kada ya ƙage.

Akwai kuma batun abinci. Maraɗi ta koya wa duniya wannan a yunwar 2005, lokacin da Likitoci Marasa Iyaka suka yi jinyar dubun dubatar yara masu tamowa a gida da kwaɓin gyaɗa na Plumpy'Nut. Igiyar awon da ake ɗaura wa yaro a damtse, wadda ke nuna haɗari in ta gaza milimita 115, tsoka na cikin abin da take aunawa. Majinyacin da aka sallama tsakanin Yuni da Satumba yana komawa gida ne lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma noma ya yi tsanani. Atisaye ba wake, ba gyaɗa, ba nono, gajiya kawai yake ƙarawa.

Gwajin juriya da zai cike giɓin awon hannu ba shi da tsada. Tafiyar minti shida, wadda aka fara bayyanawa a 1982, farfajiya mai mita 30 da agogo take buƙata. Tashi da zama daga kujera cikin daƙiƙa 30, wanda aka daidaita a 1999, kujera kawai. Sai dai an tsara su ne ga masu zama a kujera, mutanen Jiratawa kuwa a tabarma suke zama. Mai bincike a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗanƙulodo ta Maraɗi da ke neman abin aunawa yana da shi a gabansa: sau nawa majinyaci zai tashi daga tabarma ba dafa bango, ko zai kai raka'a huɗu a tsaye, kuma taku nawa zai yi da rabin jarka a kai kafin yatsunsa su fara taɓa ƙasa.