Ja a hagu, kore a dama: tarihin fitilun jirgin ruwa

Mu mutanen Lugu ba ƴan ruwa ba ne. Dallol Mawri da ya ratsa ƙasar Arewa ya daina gudu tun zamanin da. Amma yaranmu masu tafiya bida Kwatano suna bi ta Gaya, kuma da aka rufe gadar Malanville a 2023, kwale-kwale ya zama hanyar ƙetare kogi. To, ya kamata mu san zancen fitilar jirgi.

Da can kowane jirgi yana kunna irin fitilar da ya ga dama. Da jiragen tururi suka yawaita, karo cikin dare ya yi yawa. A 1848 Ingila ta kafa doka: ja a hagu, kore a dama, fara a sama. A 1858 aka sa jiragen da iska ke turawa su ma su riƙa ɗaura ja da kore. Ƙasashe sun taru a Washinton a 1889 don daidaita ƙa'idojin, sannan yarjejeniyar da ake bi yau aka sa mata hannu a Landan a 1972, ta fara aiki a 1977.

Amfanin fitilun nan shi ne a gan ka, a kuma gane inda ka dosa. In ka hangi ja da kore tare, jirgin kanka ya nufo. In fara kaɗai ka gani, mai yiwuwa bayansa kake kallo.

Dokar ba ta manta da talaka ba. Jirgin iska da bai kai mita 20 ba yana iya haɗa launukan uku cikin fitila guda a saman sandarsa. Wanda bai kai mita 7 ba, ko na tuƙi da hannu, in babu hali, ya riƙe tocila mai farin haske, ya haska da wuri kafin a yi karo.

Dokar teku ce, gaskiya, amma duhun kogi ma yana cin rai. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 sun halaka a yankin Patigi ta jihar Kwara, suna dawowa daga biki cikin dare. Fitila ba ta maganin lodi fiye da kima, amma tana sa a gan ka.

Don haka mu gaya wa yaranmu: in magariba ta yi kuma jirgi ba fitila, su kwana a Gaya, su ƙetare da safe. Allah ya tsare.