Shekara 55 Ana Jira: Harper Lee da Littafinta na Biyu

A tarihin adabin Amurka da wuya a sami marubucin da ya yi suna da littafi guda ɗaya tal kamar Harper Lee, 'yar garin Monroeville ta jihar Alabama. A shekarar 1960 ta fitar da ƙagaggen labarinta mai suna To Kill a Mockingbird, a 1961 ya ci lambar yabo ta Pulitzer, a 1962 kuma aka mayar da shi fim. Daga nan sai ta ja bakinta ta yi gum, ba sabon littafi, ba yawan hira da 'yan jarida, har tsawon rabin ƙarni da ɗoriya.

Kafin mu fahimci takaicin da ya biyo baya, wajibi ne mu san abin da mutane suka so a littafin farko. Tauraronsa shi ne Atticus Finch, lauya farar fata, wanda ya tsaya kai da fata wajen kare Tom Robinson, baƙar fatar da aka yi wa ƙazafin fyaɗe, a zamanin da wariyar launin fata ta yi katutu a kudancin ƙasar. 'Yarsa ƙarama, Scout, ita ke ba da labarin. Bai yi nasara a shari'ar ba, amma ya zama abin koyi, har iyaye suka riƙa raɗa wa 'ya'yansu sunansa, lauyoyi da dama kuma suka ce shi ya kwaɗaita musu aikin.

A watan Fabrairu na 2015 kamfanin ɗab'i na HarperCollins ya ba da sanarwar cewa an gano wani rubutun nata, Go Set a Watchman. Lauyarta, Tonja Carter, ita ta ce ta ci karo da shi. Tun a lokacin wasu suka ɗaga gira, domin marubuciyar ta tsufa, ta yi fama da shanyewar ɓarin jiki tun 2007, ji da gani sun yi rauni, yayarta Alice kuma, wadda ta daɗe tana kula da al'amuranta, ta rasu a Nuwamba 2014, wato wata uku kacal kafin sanarwar. Hukumomin Alabama sun yi bincike, suka ce ba su ga alamar an tilasta mata ba. Duk da haka ɗoki ya rinjayi shakku. Aka buga kwafi miliyan 2 a bugun farko, littafin ya fito ranar 14 ga Yuli, a mako guda aka sayar da fiye da miliyan 1.

To, me masu karatu suka tarar? Scout ta girma, shekararta 26, ta dawo gida daga birnin Niyok. Atticus yana da shekara 72, kuma ga shi zaune a taron majalisar fararen fata masu adawa da haɗa 'ya'yansu makaranta ɗaya da baƙaƙe, bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1954. Gwarzon adalci ya koma mai kare wariya. Wasu suka rantse ba za su karanta ba, wani kantin littattafai a jihar Michigan har ya yi tayin mayar wa masu saye kuɗinsu.

A ganinmu, an haɗa laifi biyu wuri guda, alhali kuwa ba nauyinsu ɗaya ba. Na farko laifin talla ne. An bar jama'a suna zaton ci gaban labari ne, alhali shi ne rubutun da ta fara miƙa wa kamfanin Lippincott a 1957. Editarta, Tay Hohoff, ta ga cewa armashin yana cikin wuraren da Scout ke tuna ƙuruciyarta, ta sa ta yi ta sake zubi sama da shekara biyu har To Kill a Mockingbird ya samu. Alamun ɗanyen aiki kuwa a fili suke: akwai sakin layin da suka kusa zama iri ɗaya a littattafan biyu, zubin ya yi sako-sako, ƙarshensa duk doguwar muhawara ce. Hasali ma, a wannan rubutu an sallami wanda ake tuhuma, saɓanin yadda muka san labarin. Wanda ya yi fushi a kan wannan yana da gaskiya.

Laifi na biyu, wato sauyawar Atticus, shi ne ba mu yarda laifi ba ne. Lauyan da zai kare baƙar fata a gaban alƙali don mutunta doka, amma ya ƙi yarda su zauna aji ɗaya da jikokinsa, ba baƙon abu ba ne a Alabama ta wancan zamani. Manazarta irin su Monroe Freedman sun yi wa Atticus wannan suka tun 1992, ba a dai saurare su ba. Mun saba gaya wa ɗalibanmu su lura da bakin da labari ke fitowa: Atticus na farko ta idon yarinya mai son ubanta muka gan shi, na biyu kuwa ta idon macen da ta fita ta ga duniya. Marubuciyar da na biyun ta fara, daga baya aka tausasa shi.

Harper Lee ta rasu ranar 19 ga Fabrairu 2016, wata bakwai bayan fitowar littafin, tana da shekara 89, aka binne ta a Monroeville.