Iyaka da Mabuɗinta: Makomar Sulhun Isra'ila da Falasɗinawa a Ma'aunin Illela

Yawancin nazarin da ake yi kan yiwuwar sulhu tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa yakan karkata ne ga lissafin ƙasashen da suka amince da ƙasar Falasɗinu, ko ga halin shugaban da ke mulki a Amurka, ko ga tarukan shiga tsakani da ake yi a Alƙahira da Doha, alhali tambayar da ta fi waɗannan nauyi ita ce ta iyaka, wato ina layin zai bi, kuma wa zai riƙe mabuɗin mashigar da ke kansa. Hujjar wannan maƙala ita ce zaman lafiya mai ɗorewa tsakanin al'ummu biyu yana buƙatar layin da kowane ɓangare ya yarda da shi, da ƙofar da kowane ɓangare yake da ikon buɗe tasa fuskar, kuma siyasar duniya ta daɗe tana bai wa Falasɗinawa komai na alama tana hana su waɗannan abubuwa biyu. Garin Illela na jihar Sakkwato ma'auni ne mai amfani wajen fahimtar batun, domin mutanensa sun san iyaka a aikace, sun ga buɗewarta, sun kuma ɗanɗana rufewarta.

Illela tana kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, tana fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar, kuma layin da ya raba garuruwan biyu ba wani mutumin yankin da aka shawarta kafin a shata shi. A yarjejeniyar 14 ga Yuni, 1898, Ingila da Faransa sun zana da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, suka ce abin da ke cikinta na Ingila ne, shekara biyar kafin sojojin Ingila su ci birnin a Maris na 1903. Da Faransawa suka ga hanyar da aka bar musu daga kogin Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi, sai suka nemi gyara, aka kuwa yi musu a yarjejeniyar 8 ga Afrilu, 1904, inda suka saki wasu haƙƙoƙinsu na kamun kifi a gaɓar Niyufaunlan da ke Kanada ta yau, aka turo musu layin kudu, Ƙonni ta faɗa hannunsu. Abin lura ne cewa makomar Adarawa da Gobirawa da Ƙonnawa ta rataya a kan cinikin kifin tekun da ba su taɓa jin sunansa ba. An daidaita layin a 1906, sannan jami'an ƙasashen biyu, Tilho da O'Shee, suka bi shi suna kafa alamu har zuwa 1908.

Waɗannan dauloli biyu ne dai suka yi wa ƙasashen Larabawa irin wannan rabo a yarjejeniyar Sykes da Picot ta 1916, Ingila kuma ta ƙara da sanarwar Balfour ta 2 ga Nuwamba, 1917, wadda ta yi alkawarin samar wa Yahudawa gida a Falasɗinu. Saboda haka asalin layukan duk ɗaya ne, bambancin yana ga abin da aka yi da su daga baya. A taron Alƙahira na Yuli 1964, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta zartar cewa kowace ƙasa za ta mutunta iyakokin da ta gada ranar samun 'yanci, ba don an ɗauke su masu adalci ba, sai don an gane cewa sake zana su zai haifar da yaƙin da ba shi da ƙarshe. Da wannan ne layin Illela ya zama abin da ake iya rayuwa da shi: Bahaushen da ke kudu da shi ɗan Nijeriya ne mai cikakken haƙƙi, ɗan'uwansa da ke arewa ɗan Nijar ne mai cikakken haƙƙi, akwai kwastan da jami'an shige da fice a nan, akwai duwan da jandarmomi a can, ran Lahadi kuma shanu da raƙuma da tumakin Nijar su cika kasuwar Illela, 'yan canji na juya naira da sefa.

Rufe iyakar da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Yamai ya nuna yadda ƙofa ke zama makami. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi, Nijeriya ta rufe mashigunta, ta kuma yanke wutar lantarkin da Nijar ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na buƙatarta daga gare ta. Manyan motoci suka yi jerin gwano a bakin shingen Illela, direbobi da yaran mota suna kwana a ƙarƙashinsu, kayan gwari irin su albasa suna lalacewa a cikin buhu, 'yan kabu-kabu kuma suka koma bin hanyoyin daji da fasinja a kan ninkin kuɗin da aka saba. Sai dai ƙarshen lamarin ya fi farkonsa koyarwa, domin da Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗe iyakar a ranar 13 ga Maris, 2024, zirga-zirga ba ta dawo nan take ba, sai da hukumomin Yamai suka buɗe nasu ɓangaren bayan 'yan kwanaki. Nijeriya ta fi Nijar yawan jama'a da ƙarfin tattalin arziki nesa ba kusa ba, amma mabuɗi biyu ne a ƙofar, ɗaya kuma yana hannun mai ƙaramin ƙarfi. Wannan shi ne ma'anar diyauci a aikace, wato ikon ƙasa na yanke hukunci a kan ƙasarta ba tare da neman izinin wata ba.

Falasɗinawa ba su da layin, ba su da mabuɗin. Ƙuduri na 181 da Majalisar Ɗinkin Duniya ta zartar a ranar 29 ga Nuwamba, 1947 ya raba ƙasar gida biyu, Larabawa suka ƙi shi, yaƙin 1948 ya raba Falasɗinawa kimanin 700,000 da gidajensu, abin da suke kira Nakba, wato babbar masifa. Layin da aka tsaya a kansa a 1949, wanda ake ce wa Koren Layi, layin tsagaita wuta ne kawai, kuma takardun da suka kafa shi sun fayyace cewa ba shi ne iyakar dindindin ba. A yaƙin 1967 Isra'ila ta tsallake shi ta mamaye Yammacin Kogin Jodan da Zirin Gaza da Gabashin Ƙudus, waɗanda jimillarsu kashi 22 cikin 100 ne na ƙasar, kuma su ne Falasɗinawa suka amince su kafa ƙasarsu a kai. Yarjejeniyar Oslo da aka sanya wa hannu a ranar 13 ga Satumba, 1993 ta ɗage maganar iyaka da Ƙudus da 'yan gudun hijira da matsugunan Yahudawa zuwa wata tattaunawa ta gaba, kashi na biyu na yarjejeniyar a 1995 kuma ya raba Yammacin Kogin Jodan zuwa yankuna uku, ya bar mafi girmansu, wanda a yau yake kusan kashi 60 cikin 100, a ƙarƙashin cikakken ikon Isra'ila, da niyyar tsari ne na shekara biyar. Shi ne ke aiki har yau.

A nan ya kamata a tsaya a dubi mashigun da kyau. Bafalasɗinen Ramallah ko Nablus da ke son fita waje, ko da aikin Hajji zai tafi, hanyarsa ita ce gadar Allenby zuwa Jodan, jami'an Isra'ila ne kuma ke duba takardunsa a fuskar da ake cewa tasa ce. Bisa yarjejeniyar tattalin arziki ta Paris ta 1994, Isra'ila ce ke karɓar kuɗin fito a kan kayan da ake shigo wa Falasɗinawa da su, sannan ta miƙa wa Hukumar Falasɗinawa, kuɗin da ya kai kusan kashi biyu cikin uku na abin da hukumar ke samu, kuma an sha riƙe shi a duk lokacin da aka samu saɓanin siyasa, albashin malamai da likitoci ya tsaya. Misalin wannan shi ne a ce kwastan na Nijeriya ne ke zaune a shingen Ƙonni, suna karɓar harajin Nijar suna aika wa Yamai in sun ga dama. Gaza kuwa, mai faɗin murabba'in kilomita 365, wadda ba ta kai sulusin ƙaramar hukumar Illela ba amma tana ɗauke da mutum fiye da miliyan biyu, Isra'ila ta janye sojojinta daga cikinta a 2005 ba tare da sakin sararin samaniyarta da tekunta ba, a Mayun 2024 kuma ta ƙwace fuskar Falasɗinawa ta mashigar Rafah. Abin da Nijar ta sha na wata bakwai da 'yan kai, mutanen Gaza suna cikin wanda ya ninka shi tun 2007.

Tarihin yankin da kansa yana goyon bayan wannan hujja, domin sulhun da ya ɗore shi ne wanda aka gina a kan layi sananne. Yarjejeniyar Masar da Isra'ila ta 1979 ta koma ne ga iyakar da aka shata tsakanin Masar da daular Turkawa a 1906, shekarar da aka daidaita layin Illela, da aka yi jayayya a kan ɗan yankin Taba kuma aka kai wa masu sasanci na duniya, suka bai wa Masar a 1988. Ta Jodan ta 1994 ita ma a kan layin zamanin Ingila aka kafa ta. Duka biyun sun jure yaƙe-yaƙen Gaza, ko da yake babu wata ƙauna tsakanin al'ummun.

Ana iya cewa kwatancin bai dace ba, tunda mutanen Illela da na Ƙonni harshensu ɗaya, addininsu ɗaya, akwai auratayya a tsakaninsu, babu kuma wanda ke musun haƙƙin ɗan'uwansa na zama a wurin. Wannan suka tana da ƙarfi. Harin Hamas na 7 ga Oktoba, 2023, wanda aka kashe mutum kimanin 1,200 aka yi garkuwa da kusan 250, ya ƙarfafa tsoron da Isra'ilawa da yawa ke da shi cewa duk ƙofar da suka saki makami ne zai shigo ta cikinta, yaƙin da ya biyo baya kuma, wanda ma'aikatar lafiya ta Gaza ta ce ya ci rayuka fiye da 60,000 zuwa Yulin 2025, ya bar ƙiyayyar da za ta daɗe. Ga kuma raunin shugabancin Falasɗinawa, domin tun 2007 Gaza da Ramallah ba sa ƙarƙashin hukuma ɗaya, shugaban Hukumar Falasɗinawa Mahmud Abbas kuma tun zaɓen 2005 bai sake tsayawa gaban masu jefa ƙuri'a ba. Amma sukar ba ta rushe hujjar, tana ƙara mata ƙarfi ne, domin inda yarda ta yi ƙaranci nan ne aka fi buƙatar layi bayyananne da masu sa ido na waje, kamar rundunar ƙasa da ƙasa da ke Sinai tun 1982. Riƙe mabuɗan biyu a hannu ɗaya kuwa an gwada shi fiye da rabin ƙarni, bai kuma hana 7 ga Oktoba ba.

Siyasar duniya tana tafiya ne ta hanyoyi biyu masu karo da juna. A takarda, Falasɗinu na samun ci gaba: ƙuri'a 138 ta ba ta matsayin ƙasa 'yar kallo a Majalisar Ɗinkin Duniya a 2012, Kotun Duniya ta bayyana a ranar 19 ga Yuli, 2024 cewa ci gaba da mamayar ya saɓa wa doka, a Satumbar 2025 kuma Ingila da Faransa, waɗanda suka yi rabon farko, suka shiga sahun ƙasashe fiye da 150 da suka amince da ita. A ƙasa kuwa, Yahudawa 'yan kama-wuri-zauna da ba su kai 300,000 ba lokacin Oslo sun haura 700,000 a Yammacin Kogin Jodan da Gabashin Ƙudus, majalisar dokokin Isra'ila ta kaɗa ƙuri'a 68 da 9 a Yulin 2024 tana ƙin kafa ƙasar Falasɗinu, a Agustan 2025 kuma aka amince da gina gidaje kimanin 3,400 a yankin E1, wanda zai kusa datse Yammacin Kogin Jodan gida biyu. Amurka, wadda ita kaɗai ke da ƙarfin matsa wa Isra'ila, ta hau kujerar na-ƙi a Afrilun 2024 ta hana Falasɗinu zama cikakkiyar mamba. Yarjejeniyoyin Ibrahim na 2020 tsakanin Isra'ila da wasu ƙasashen Larabawa sun tsallake sharaɗin da shirin Larabawa na Beirut ya gindaya a 2002, cewa sai an janye zuwa layin 1967 kafin a ƙulla hulɗa. Ko ƙudurin Kwamitin Sulhu na 2803 na Nuwambar 2025, wanda ya biyo bayan tsagaita wutar Oktoba, ya ambaci yiwuwar hanya zuwa ga ƙasar Falasɗinu ne kawai, bai faɗi inda iyakarta za ta bi ba.

Nijeriya ba baƙuwa ba ce a wannan batu. Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya ƙi tallafin Isra'ila ga Jihar Arewa a 1960 duk da gwamnatin tarayya ta karɓa, Janar Yakubu Gowon yana cikin shugabanni huɗu da Afirka ta tura Masar da Isra'ila a 1971, an yanke hulɗa a Oktoban 1973, aka maido da ita a 1992. A ranar 30 ga Disamba, 2014 kuma, da aka gabatar wa Kwamitin Sulhu daftarin da ya sa wa'adin kawo ƙarshen mamayar, ya samu ƙuri'a takwas maimakon tara da ake buƙata, Nijeriya na cikin waɗanda suka ƙaurace, abin da ya hutar da Amurka hawa kujerar na-ƙi. Duk da haka ƙasar tana da abin da 'yan kaɗan ke da shi, domin ita ce ta karɓi hukuncin Kotun Duniya na 10 ga Oktoba, 2002 a kan Bakassi, ta miƙa wa Kamaru yankin a Agustan 2008 alhali ta fi ta ƙarfi. Da wannan tarihi, da kujerar da ta samu a kwamitin ministocin da taron ƙasashen Larabawa da na Musulmi na Riyad ya kafa a Nuwambar 2023, ya kamata jakadunta su riƙa neman a ɗora taswira da tsarin kula da mashigai a kan teburi tun ranar farko ta kowace tattaunawa. Muddin ana ci gaba da ɗage wannan magana kamar yadda aka yi a Oslo, abin da ake iya sa rai a shekaru masu zuwa shi ne tsagaita wuta, ba sulhu ba.