Daga Lalle Zuwa Kwalin Kanti: Tarihin Rinin Furfura a Gida

'Yan'uwa, duk wanda ya leƙa shagunan kayan kwalliya a Agege ko Idi Araba ko Sabon Ibadan zai ga ƙananan kwalayen rinin gashi jere a kan kanta. Mutum zai saya da kuɗi kaɗan, ya koma gida ya dama, cikin rabin awa furfura ta ɓuya. Wannan kwali yana da dogon tarihi, kuma tarihin ya nuna cewa duk lokacin da ɗan Adam ya nemi baƙi mai sauri, akwai abin da jikinsa ya biya.

Furfura tana fitowa ne idan ƙwayoyin da ke tushen gashi suka daina samar da launi. Rini ba ya farfaɗo da su, gashin da ya riga ya fito kawai yake rufewa. Da yake gashi na tsiro kusan santimita 1 a wata, bayan 'yan makonni fari zai sake leƙowa daga ƙasa. Shi ya sa mai rini ba ya yi sau ɗaya ya huta.

Lalle na cikin tsofaffin abubuwan da aka fara amfani da su. Fir'auna Ramsis na Biyu ya mutu wajen shekara 1213 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), yana da kimanin shekara 90. Da aka kai gawarsa Faris a 1976 don a yi mata gyara, masu bincike sun tarar an rina farin gashinsa da lalle. A ƙasar Larabawa kuwa, Sahihu Muslim ya kawo labarin Abu Ƙuhafa, mahaifin Sayyidina Abubakar, wanda aka kawo ranar buɗe Makka a shekara ta 8 bayan Hijira kansa da gemunsa fari fat. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a canza farin, a kuma nisanci baƙi. Sayyidina Abubakar da kansa yana haɗa lalle da wani ganye mai suna katam, Sayyidina Umar kuma lalle zalla yake sawa. Daga nan jan gemun dattawanmu ya samo asali. Malamai sun yi saɓani a kan baƙin rini, don haka wannan tambaya ce ta kai wa malaminka.

Inda ake son launi ya yi duhu, akan bi lalle da ganyen baba, irin wanda marinan Ƙofar Mata a Kano suke rina tufafi da shi. Aikin yana cin awanni, amma launin a jikin silin gashi yake kamawa, ba ya fasa shi.

Mutanen tsohuwar Rum sun bi wata hanya. Suna tsoma matajin dalma cikin ruwa mai tsami su taje kai da shi kullum, a hankali gashi ya yi duhu. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 mun san irin wannan ciniki. Duk da haka rini mai sinadarin dalma ya daɗe a kasuwa, domin sai a 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yanke shawarar janye izininsa.

Babban sauyi ya zo daga Ingila. A 1856 wani saurayi ɗan shekara 18, William Perkin, yana ƙoƙarin haɗa kwinin, maganin zazzaɓin cizon sauro, sai ya samu rinin tufafi na farko da aka haɗa a ɗakin gwaji. A 1863 malaminsa, Bajamushe Hofmann, ya gano sinadarin da yau ake kira PPD. A 1907 Eugène Schueller ya haɗa nasa rinin a Faris yana bin shagunan gyaran gashi da shi, kamfanin da ya kafa a 1909 shi ne ya zama L'Oréal. A lokacin aikin na ƙwararru ne, na masu hannu da shuni.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu rinin ya shigo gida. Kamfanin Clairol na Amurka ya fito da rini mai shafawa sau ɗaya a 1950, ya kuma sa na amfanin gida a kanti a 1956. A 1957 kamfanin Hoyu na Japan ya kawo garin Bigen da ake damawa da ruwa. A 1987 aka fito da Just For Men domin maza.

Wannan rini yana buɗe silin gashi ne, sinadarin ya shiga ciki ya zama launi. Nan saurinsa yake, nan kuma haɗarinsa. PPD yana cikin abubuwan da suka fi sa fata borin jini: ƙaiƙayi, ƙuraje masu ruwa, kumburin fuska har ido ya rufe. Idan jiki ya taɓa ƙin sa, yawanci ya ƙi shi ke nan har abada. Shi ne kuma ake zubawa a baƙin lallen da mata ke kira dayis, kuma likitocin Sudan da Maroko sun daɗe suna karɓar waɗanda suka sha shi, numfashi ya toshe, ƙoda ta lalace. Tarayyar Turai ta ƙayyade shi kada ya wuce kashi 2 cikin 100 bayan an dama.

Saboda haka mai son rufe furfurarsa a gida ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ya guji garin da ake ƙullawa a leda babu suna. Ya ɗiga kaɗan a bayan kunne ya jira awa 48 kafin ya shafa a kai, ya sa safar hannu, kada ya wuce mintunan da aka rubuta, kada kuma ya shafa a gira ko a kan ciwo. Uwargida ta bar tazarar mako 2 tsakanin man miƙar da gashi da rini. A ɓoye kwalin inda hannun yara ba ya kaiwa.

Wanda ya zaɓi lalle yana da haƙurin magabata, wanda ya bar furfurarsa kuma ya samu a tashi a ba shi kujera a taron ƙungiya. Allah Ya ba mu tsufa mai albarka.