Farautar Attajirai da Zakunan Hwange

A shekarar 1977 gwamnatin Kenya ta haramta farautar manyan namun daji baki ɗaya, amma Tanzaniya da Zimbabuwe sun rungumi farautar, bisa hujjar da ƙungiyoyin mafarauta, irin su Safari Club International ta Amurka, suka daɗe suna kafawa. Hujjar ita ce, dajin da ba ya kawo kuɗi ƙarshensa gona ne ko makiyaya, kuma baƙon da ya biya dubban daloli ya harbe zaki guda, ya tafi da kai da fata, shi ke biyan masu gadin sauran. A kan wannan tunani Zimbabuwe ta fara shirin CAMPFIRE a 1989, wanda ya ba gundumomin karkara rabo daga kuɗin farauta. Maganar kuwa tana da gaskiyarta, domin a kwarin Bubye, tsohuwar makiyayar shanu da aka ƙarar da zakunanta, an mayar da zakuna a 1999, suka hayayyafa har suka kai ɗaruruwa, kuma kuɗin farauta ne ke riƙe da wurin.

A wannan shekarar ta 1999 ce masu bincike daga Jami'ar Oxford, ƙarƙashin Andrew Loveridge, suka fara ɗaura wa zakunan gandun dajin Hwange da ke Zimbabuwe na'urar bibiya a wuya. Abin da suka gano ya girgiza hujjar, domin zuwa 2004 mafi yawan manyan mazan da suke bibiya sun mutu a hannun mafarauta a filayen da ke kewaye da gandun. Ɓarnar ba ta tsaya a kan wanda aka harba ba. Duk sanda namiji mai riƙe da garke ya faɗi, wani na cikin gandun yakan fito ya maye gurbinsa, ya kashe ƙananan 'ya'yan da ya tarar, shi ma ya kusanci iyaka inda harsashi ke jiransa. Hukumomi suka dakatar da farautar zaki a yankin daga 2005 zuwa 2008, zakunan suka farfaɗo. A 2004 kuma wani mai bincike, Craig Packer, da abokan aikinsa suka nuna cewa in an taƙaita harbi ga mazan da suka kai shekara 6, illar za ta ragu ƙwarai. Ya kamata a lura cewa waɗannan gyare-gyare daga masu bincike suka taso, masu kare farautar sun karɓe su ne bayan shaida ta bayyana.

A farkon Yulin 2015 aka yaudari wani zaki mai baƙar geza, ɗan shekara 13, mai suna Cecil, da mushe a wajen iyakar Hwange, inda likitan haƙori Ba'amurke, Walter Palmer, ya harbe shi da kibiya, aka ƙarasa shi bayan sa'o'i masu yawa. Duniya ta ɗauki zafi. Cikin Agusta kamfanonin jiragen sama na Delta da United da American suka daina ɗaukar kawunan zakuna, a Nuwamba Faransa ta hana shigo da su, a Disamba kuma Amurka ta sanya zaki cikin dokarta ta kare dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, mafi tsanani ga jinsin da ya haɗa da ragowar zakunan Yankari da gandun W a Yammacin Afirka. Zimbabuwe kuwa ta ce takardun Palmer cikakku ne, ba ta gurfanar da shi ba, kuma a 2016 kotu ta kori ƙarar da aka shigar a kan jagoran farautarsa.

Dokar ƙasar ba ta hana farautar ba, domin babu wanda ya kawo kuɗin da zai maye gurbin na mafarauta. A Yulin 2017 aka harbe Xanda, ɗan Cecil, a wajen gandun, da cikakken izini, yana ɗan shekara 6, yana kuma riƙe da garke mai ƙananan 'ya'ya.