Shari'ar Madawela: abin da ya bar masu hannun jari cikin jira

Madawela wurin haƙar ma'adinin uraniyom ne kusa da Arlit, a jihar Agadas. Kampanin GoviEx na Kanada, wanda a lokacin cibiyarsa ke Bankuba, shi ya samu lasisin haƙa a 2016, kuma a watan Yulin 2019 shugaba Mahamadu Isufu ya aza tubalin aikin. A wancan lokacin kampanin na da kashi 80 cikin 100, gwamnatin Nijar na da 20.

A watan Yulin 2024 gwamnati ta janye lasisin, bisa hujjar cewa ba a fara haƙa ba cikin wa'adin da ta ɗiba. Nan take darajar hannun jarin kampanin ta faɗi a kasuwar Toronto. A watan Disamba na shekarar, GoviEx ya kai ƙara cibiyar CIRDI da ke Washinton, wadda ke ƙarƙashin Bankin Duniya, mai raba gardama tsakanin ƙasashe da baƙin masu zuba jari. Sai kuma a Fabrairun 2025 ɓangarorin biyu suka amince a jingine shari'ar domin a zauna a tattauna.

Matsalar ita ce irin wannan shari'a ba ta da ranar ƙarewa. Ana naɗa alƙalai uku: kowane ɓangare ya zaɓi ɗaya, na uku ya shugabanci zaman. Naɗin kansa yakan ci watanni. Bayan nan a yi ta musayar takardu, a saurari shaidu da masana, galibi shekara uku ko huɗu kafin hukunci. Wanda aka kayar kuma yana iya neman a soke hukuncin, a sake wani jiran. Tattaunawar sulhu na iya gajarta hanya, amma idan ta watse, a koma inda aka tsaya.

Manomin Sae Sabuwa ya san haka ba sai an karanta masa ba. Gonar da ake rikici a kanta, ko ta fi kowace albarka, ba mai saye, ba mai karɓarta jingina, sai ran da aka raba gardama. Haka banki ba ya ba da bashin gina mahaƙa alhali ba a san mai lasisi ba. Mai hannun jari kuwa ya rasa abin yi: ya sayar da asara, ko ya riƙe kuɗinsa a kwance. Shi ya sa GoviEx ya mai da hankali ga aikinsa na Muntanga a Zambiya.

Kampanin Orano na Faransa ma yana gaban CIRDI da Nijar, kan lasisin Imuraren da aka janye a Yunin 2024 da kuma Somair da gwamnati ta mayar mallakar ƙasa a Yunin 2025. Sai dai Orano kusan duka na gwamnatin Faransa ne, yana da ƙarfin jira. Ƙananan masu jarin da suka zuba kuɗinsu a GoviEx ba su da shi, haka ma matasan Arlit da aka yi wa alkawarin aiki tun 2019.