Yadda Bazawara Ta Shigo Labarin Soyayya

A tatsuniyoyinmu, da an ɗaura aure yawanci labari ya ƙare. Ba a cika ba da labarin abin da ke biyo bayan saki ba: zaman idda, surutun dangi, da bazawarin da ke turo yaro bayan magariba ya ce ana sallama da wance. Alhali kuwa daga Kano har Sule Tankarkar babu unguwar da ba ta san wannan zaman ba.

Mata marubuta ne suka buɗe ƙofar. Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980, kuma ba a jima ba matasan Kano suka fara buga littattafan soyayya da kuɗin aljihunsu. Yawancinsu kan saurayi da budurwa suka tsaya. Balaraba Ramat Yakubu, ƙanwar Janar Murtala Muhammed, ita ta kalli wadda aka saka. An yi mata aure tana ƙarama, auren ya mutu, sai daga baya ta shiga makarantar yaƙi da jahilci. A littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, Alhaji Abdu ya kori Rabi da 'ya'yanta saboda amarya, ita kuwa ta kama sayar da abinci ta riƙe su. Da duniya ta juya masa baya, dangi suka matsa mata ta koma ɗakinta. Har yau wannan ƙarshen yana yi mini ciwo, domin haka ake yi wa mata da yawa. A 2012 aka buga fassarar littafin da Turanci a Indiya.

A 1990 ɗin ne kuma ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya, finafinan bidiyo suka kankama, suka gaji jigon kishi da saki da sabon nema, suka ƙara masa waƙa irin ta Indiya. Malamai sun yi suka, Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Amma matsalar da marubutan suka nuna ba ƙage ba ce: a 2012 gwamnatin Kano da Hisba suka fara aurar da zawarawa, rukunin farko mata 100. Yanzu 'yan matan Gumel da Maigatari a waya suke karanta irin waɗannan labarai, babi-babi, ta WhatsApp.